Bakwai: Lambar da Ba Ta Rabo, Sai Yanke Jira

Idan magidanci ya fita bai dawo ba, babu gawa, babu labari, yaushe doka za ta yarda cewa ya rasu? Sashe na 164 na Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 ya yanke magana: shekara bakwai. Idan waɗanda ya kamata su ji ɗuriyarsa ba su ji ba tsawon wannan lokaci, kotu na iya ɗauka cewa ba ya raye. Wannan ba tambayar ɗakin karatu ba ce. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya ta yi rajistar mutane sama da 20,000 da suka ɓata a Najeriya, akasarinsu a rikicin Arewa maso Gabas. To, me ya sa bakwai, ba biyar ba, ba goma ba?

A fagen lissafi dai bakwai ba ta da sauƙin hali. Ba ta rabuwa sai da kanta ko da ɗaya. Daga ɗaya zuwa goma, ita kaɗai ce ba ta raba digiri 360 na da'ira cif. Raba ɗaya gida bakwai, za ka samu 0.142857, alƙaluma shida da ke ta maimaituwa har abada. Tun zamanin Girkawa ake zana siffa mai gefe uku, ko biyar, ko shida, daidai wa daida, da rula da kamfas kawai. Mai gefe bakwai ta gagara, har Bafaranshe Pierre Wantzel ya tabbatar a 1837 cewa ba za ta taɓa yiwuwa ba.

Malaman gado ma sun san halinta. Kason da Alƙur'ani ya ƙayyade shida ne: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. Babu subu'i. Bakwai kan leƙo ne idan kaso ya fi dukiya yawa. Mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai: miji na da uku cikin shida, su kuma huɗu, jimla bakwai. Sai a mayar da asalin rabon bakwai, kowa ya ɗan rage. Wannan shi ne auli.

Lambar da ba ta taimaki mai rabo ba, ta yaya ta mallaki kalandarmu? Yini daga rana yake, wata daga jinjirin wata, shekara daga zagayowar damina. Mako shi ne ba shi da wata alama tsayayya a sama. Kogi biyu suka haɗu suka haife shi. Na farko Asabar ɗin Yahudawa: kwana shida na aiki, na bakwai na hutu. Na biyu taurari bakwai masu tafiya da mutanen Babila suka lura da su: rana, da wata, da Zara, da Mushtari, da Zuhalu, da Mirrihu, da Uɗaridu, waɗanda daga baya Rumawa suka raɗa wa kwanaki sunayensu. A shekara ta 321 Sarki Konstantin ya mayar da Lahadi ranar hutu a daular Rum. Musulunci ya zo ya tabbatar da kwana bakwai, ya ɗaukaka Juma'a. Sunayen da muke kira kullum shaida ne: Lahadi zuwa Alhamis ƙirgen Larabci ne daga ɗaya zuwa biyar, Asabar kuwa tushenta ɗaya da Asabar ɗin Yahudawa. Ba kowa ya faro da haka ba. Makon gargajiyar Ibo kwana huɗu ne.

Gwamnatoci biyu masu ƙarfi sun gwada karya shi. Masu juyin juya halin Faransa sun kafa mako mai kwana goma a 1793, aka yi watsi da shi a 1802. Tarayyar Sobiyet ta kawo mai kwana biyar a 1929, ta koma shida, sannan ta sallama a 1940. Goma ta fi daɗin lissafi, amma mutane ba lissafi suke nema a wurin mako ba. Suna neman ranar da za su haɗu.

A nan aikin bakwai yake fitowa fili: alamar cika ce. Ɗawafi bakwai, sa'ayi bakwai, jifa da tsakuwa bakwai, Fatiha aya bakwai, sammai bakwai. A ƙissar Annabi Yusuf, shekara bakwai na yalwa, bakwai na fari. A Attaura, ana yafe bashi duk bayan shekara bakwai. A gidajenmu, jariri ba ya samun suna a bainar jama'a sai ranar haihuwarsa ta zagayo, mamaci kuma ana yi masa sadakar bakwai a inda ake riƙe da al'adar.

Har tarihin asalinmu a wannan ma'auni aka zuba shi. A labarin Bayajidda, macijin rijiyar Kusugu ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a, wato sau ɗaya a kwana bakwai. Daga nan sai Hausa Bakwai: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram. Aka kuma jera musu kishiyoyi bakwai cif, har da Zamfara da Kabi, waɗanda Hausa suke yi. Sunayen jeri na biyu sukan canza daga riwaya zuwa riwaya, amma adadin ba ya motsi. A ganina, lambar ce ta riga sunayen zuwa.

Mu koma kotu. Wa'adin shekara bakwai gadon Ingila ne. Dokar hana aure kan aure ta 1604 ta ɗauke laifi daga wanda abokin aurensa ya ɓace shekara bakwai, wata dokar ta 1666 ta shimfiɗa ƙa'idar a kan mallakar ƙasa, mulkin mallaka ya kawo mana ita. Haka ma sashe na 50 na dokar Final Kod ta Arewa: yaron da bai kai shekara bakwai ba ba a kama shi da laifi. A shekarun nan ne kuma hadisi ya ce a fara umartar yaro da salla.

Sai dai fiƙihun Malikiyya bai bi bakwai a kan wanda ya ɓata ba. Ya bi hukuncin Sayyidina Umar: matar ta kai ƙara, a yi bincike, ta jira shekara huɗu, ta yi takaba. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai ya kai shekarun da tsaransa ba su cika wucewa ba, 70 a ra'ayi mafi shahara. Malaman sun raba tambayar gida biyu, domin gona tana iya jira, ƙuruciyar mace ba ta iyawa.

Wannan bambanci ne ya kamata masu gyaran dokokinmu su duba. Bakwai ta dace da ɗawafi, domin umarni ne. Ta dace da mako, domin duniya ta saba. Amma a Dokar Shaida ba wahayi ba ce, zaɓin majalisar Ingila ne na ƙarni na 17, lokacin da labari ke tafiya a jirgin ruwa. Yaron da aka haifa a makon da mahaifinsa ya ɓata zai shiga firamare kafin doka ta yarda a kira shi maraya.