Dashen fata

dashen fata (suna, namiji, jam'i: dashe-dashen fata)

1. Tiyatar da likita ke yanko fata daga wani sashe mai lafiya na jikin majiyyaci, ya shimfiɗa ta a inda fatar ta lalace. An fi yi wa wanda ya ƙone da wuta ko tafasasshen ruwa, da mai gyambon da ya ƙi warkewa, da wanda aka cire wa ciwon daji na fata.

Iri biyu ne. Akwai marar kauri, wanda ake fere saman fatar kawai, galibi daga cinya. Wurin da aka fere yakan warke da kansa cikin kamar mako biyu. Akwai kuma mai kauri, wanda ake ɗauke fatar gaba ɗayanta daga bayan kunne ko matsematsi, a ɗinke wurin. Shi aka fi so a fuska, domin ba ya tsukewa sosai. Fatar da aka dasa ba ta zuwa da jijiyar jininta, sai ta kama daga naman da ke ƙasa cikin 'yan kwanaki. Shi ya sa motsi da ruɓa suke kashe ta, kuma haƙurin mai jinya a nan ya kai rabin magani.

Likita Jacques Reverdin ne ya yi nasarar dasa 'yan guntayen fata a Faransa a 1869.

2. Fatar da aka dasa ɗin: *Alhamdu lillahi, dashen ya kama, gobe za a kwance mata bandeji.*