Abin da Yaro ke Koya a Makarantar Firamare: Bayani ga Jama'ar Masarautar Gumel

Gabatarwa

Wannan bayani mun shirya shi ne domin iyayen yara, da dagatai da masu unguwanni, da jami'an ƙananan hukumomin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. Magidancin da ya haƙura da taimakon ɗansa a gona ko wurin kiwo, ya tura shi makaranta har tsawon shekara shida, yana da haƙƙin sanin abin da yaron zai samo a madadin haka.

Kamar yadda aka sani, Dokar Ilimin Bai-ɗaya ta shekarar 2004 ta wajabta wa kowane yaro, namiji ko mace, karatun shekara tara kyauta: shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Ƙasa, wato NERDC, ita ke tsara manhajar da ake bi a duk faɗin Nijeriya. Aiwatar da ita a Jihar Jigawa yana hannun Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jiha, wato SUBEB, da ke Dutse, ta hanyar Sakataren Ilimi na kowace ƙaramar hukuma.

Darussan da manhaja ta tanada

An fara aiki da manhajar shekara tara a 2008, aka yi mata kwaskwarima wadda ta fara aiki a 2014, sannan a 2025 Gwamnatin Tarayya ta fito da sabuwa. A firamare, sabuwar ta soma ne da 'yan aji ɗaya da 'yan aji huɗu na shekarar karatu ta 2025/2026. Saboda haka kada iyaye su yi mamaki in sun ga sunayen darussan wa da ƙane sun ɗan bambanta.

Daga aji ɗaya zuwa uku yaro yana koyon Turanci, Lissafi, harshen gida guda ɗaya wanda a wurinmu Hausa ce, Kimiyya, motsa jiki da kiwon lafiya, ilimin addini, Tarihin Nijeriya, ilimin zamantakewa da haƙƙin ɗan ƙasa, sai al'adu da fasahar hannu. Larabci na zaɓi ne. Ɗan Musulmi yana ɗaukar ilimin addinin Musulunci, ɗan Kirista kuma na Kirista. Daga aji huɗu zuwa shida ana ƙara share fagen sana'a, wanda ya ƙunshi aikin gona da tattalin gida, da kuma sanin kwamfuta, sai Faransanci ga makarantar da ke da malaminsa.

Karatu da rubutu

Jerin nan yana da tsawo, amma a ganinmu dukkansa a kan abu ɗaya ya tsaya, wato yaro ya iya karatu tun yana ƙananan azuzuwa. A aji ɗaya ana koya masa baƙaƙe da wasula da sautin kowane, har da baƙaƙen da Hausa ta keɓanta da su irin su ɓ, ɗ, ƙ da ts. Daga nan sai haɗa baƙi da wasali a sami gaɓa, a haɗa gaɓoɓi a sami kalma: ge da ro su ba da gero, ra da ƙu da mi su ba da raƙumi. Rubutun Hausa yana da sauƙi ta wannan fuska, domin akasari yadda aka rubuta haka ake furtawa. Turanci ba haka yake ba, harafi ɗaya kan ɗauki sauti biyu ko uku. Yaron da ya je makarantar allo ya riga ya san babbaƙu da farfaru, don haka haɗa baƙi da wasali ba baƙon abu ba ne a wurinsa, sai dai ya saba da rubutu daga hagu zuwa dama.

Zuwa ƙarshen aji uku ana sa ran yaro ya karanta ɗan gajeren labari da kansa, ya faɗi abin da ya fahimta, ya kuma rubuta jimloli in an yi masa shifta. Wanda ya wuce wannan aji bai iya ba, to, Kimiyya da Tarihi da sauransu za su zame masa kwafe daga allo kawai. Akan sami ɗan aji biyar da littafinsa cike da rubutu mai kyau, amma in aka ce ya karanto layi ɗaya sai ya yi shiru. Kyan rubutu ba ya nuna an iya karatu.

Akwai canjin da ya kamata jama'a su sani game da harshen koyarwa. Tun daga Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, tsarin shi ne a koyar da yara da harshen gida a azuzuwan farko, daga baya a koma Turanci. A 2022 aka faɗaɗa wannan zuwa aji shida. A watan Nuwamba na 2025 kuma Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya sanar da soke tsarin, aka mai da Turanci harshen koyarwa tun daga farko. Hausa tana nan a matsayin darasi. Abin da wannan ke nufi ga ɗan ƙauye, wanda ba ya jin Turanci a gida ko a kasuwa, shi ne nauyin da ke kan malamin aji ɗaya da na aji biyu ya ƙaru ƙwarai, kuma bai kamata a riƙa barin waɗannan azuzuwa ga malamin da ya fi kowa rauni ba.

Lissafi

Ana farawa da ƙidaya da tsakuwa ko karare, sai tarawa da ɗebewa, sai ninkawa da rabawa. A manyan azuzuwa ana shiga kaso-kaso, da kashi cikin ɗari, da riba da faɗuwa, da awon tsawo da nauyi da faɗin fili. Yaranmu da yawa sun iya lissafin baki tun kafin su shiga aji, musamman waɗanda suka saba da kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, inda ake cinikin shanu da raƙuma da naira da sefa. Abin da makaranta ke ƙara musu shi ne rubuta lissafin, yadda manomin riɗi a Gagarawa zai iya duba abin da aka rubuta masa a kan sikeli, ya san kilo nawa ne a buhunsa da abin da ya kamata a biya shi.

Sauran darussa

A Kimiyya yaro yana koyon sassan jiki, da tsirrai da dabbobi, da ruwa da ƙasa da yanayi. Malami nagari ba ya rasa misali a yankin da hamada ke matsowa: me ya sa ake dasa darbejiya a jere, me ya sa wake ke gyara ƙasar da aka noma gero. Darasin kiwon lafiya yana koyar da wanke hannu, da tsabtar ruwan sha, da yadda sauro ke kawo zazzaɓin cizon sauro.

Tarihi ya daɗe ba ya cikin manhajar firamare a matsayin darasi mai zaman kansa, yanzu ya dawo. Muna fata malamai za su fara shi daga gida: cewa Mangawa ne suka kafa wannan masarauta wajen shekarar 1750, cewa da Borno take da alaƙa ba Sakkwato ba, cewa daga Tumbi da ke Jamhuriyar Nijar a yau aka dawo da fadar zuwa Gumel a 1845, kuma an ƙirƙiro Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano ranar 27 ga Agusta, 1991.

Sanin kwamfuta kuwa yana buƙatar na'ura da wutar lantarki. Inda babu su, abin da yaro zai samu bai wuce zane a allo ba.

Abin da iyaye da jami'ai za su duba

Ba sai uba ya yi boko ba kafin ya gwada ɗansa. Ya ba shi takarda da aka rubuta da Hausa wadda bai taɓa gani ba, ya ce ya karanto masa. Ya tambaye shi kuɗin tiya bakwai na dawa a farashin ranar, ya ce ya rubuta yadda ya samo amsar. Haka jami'in da ya je duba makaranta, bayan rajista da ginin aji, ya zaɓi yara biyar da kansa daga layin baya ya ji karatunsu.

Darussan karatu da lissafi a jere suke, kowane a kan na jiya yake hawa. Yaron da ake ɗaukewa duk ranar kasuwa, ko lokacin shuka da girbi, ko yarinyar da ake ɗora wa talla da safe, in sun dawo sai su tarar an wuce su. Muna roƙon iyayen ƙasa da limamai su riƙa tunatar da jama'a wannan.

Mafi ƙarancin shaidar da ake buƙata ga malamin firamare ita ce NCE, irin wadda Kwalejin Ilimi ta Jiha da ke Gumel ke bayarwa. Duk wanda ke da ƙorafi game da rashin malami, ko littattafai, ko darasin da ba a koyarwa, sai ya fara sanar da hedimasta da kwamitin kula da makaranta na al'umma, wato SBMC. In ba a sami gyara ba, sai a kai maganar ofishin Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma.