Rumbu a Ƙasar Hausa: Tarihin Ajiya da Gyaranta

A ƙasar Hausa ta da, yawan rumbunan magidanci shi ne ma'aunin arzikinsa. Rumbu iri biyu ne: na zana ko kara, da na laka, wanda a wasu wurare ake kira rufewa. Akan ɗora shi bisa duwatsu don kare hatsi daga danshi da gara, a kifa masa jinka saboda ruwan sama.

Hikimar rumbu tana cikin yadda ake zuba hatsin. Gero da dawa na shiga ne dami-dami, da zangarniyarsu, ba a sussuke ba, bayan sun bushe sarai. A haka gero kan shekara biyu ko uku bai lalace ba. Bayan kaka maigida kan liƙe babban rumbun gandu, samari su tafi cin rani, ba a buɗe shi sai damina, lokacin da aikin gona ya yi tsanani kuma hatsi ya yi tsada. Polly Hill ta bayyana wannan tsari a littafinta na 1972 kan Batagarawa ta kusa da Katsina.

Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ake kira Kakalaba, ta nuna abin da kan faru idan fari ya tarar da rumbu wayam, domin a lokacin talakawa na sayar da hatsi don biyan haraji da kuɗi. A Nijar kuwa, bayan yunwar 1931, Faransawa sun tilasta wa ƙauyuka ajiye gero a rumbunan tanadi da ke ƙarƙashin ikon hukuma. Manoma sun ƙi jinin tsarin, don sun ɗauke shi wani sabon haraji: hatsin nasu ne, amma buɗewa sai da izinin wani.

Rumbu yana da rauninsa. Ɓera na haƙa shi, laka na tsagewa, jinka na yoyo. Ya fi gazawa wajen wake, domin ƙwaro na shigowa tun daga gona, ya hayayyafa a cikin ajiya, cikin 'yan watanni ya huda ƙwayar duka. Magabata kan cuɗa wake da toka ko yashi, amma wannan dabara ta ɗan abin da za a ci a gida ce. Shi ya sa masana aikin gona suka ba da shawarar a daɓe gindin rumbu da siminti, a yaɓe tsaga, a sa wa ƙafafunsa kwanon da ke hana ɓera hawa, a kuma share shi tas kafin sabon hatsi ya shiga.

Babban sauyi ya fito ne daga arewacin Kamaru. A ƙarshen shekarun 1980, masana na Jami'ar Purdue ta Amurka da takwarorinsu na cibiyar binciken noma da ke Marwa suka gwada ajiye wake cikin leda ninki uku. Daga nan aka samo buhun PICS, wanda aka fara yaɗawa a 2007: leda biyu a ciki, buhu a waje, kowanne a ɗaure bakinsa tam. Ƙwaro na shaƙe 'yar iskar da ta rage, sai ya mutu ba tare da an sa magani ba. Masanan cibiyar INRAN ta Maraɗi sun yi gwaje-gwaje a kansa, kuma ana ƙera shi a Kano.

Bambancin rumbun Faransawa da wannan buhu a fili yake. Na farko ya raba manomi da ikon hatsinsa, na biyu ya bar masa shi, ya ƙara masa kwanakin jira har farashi ya tashi. Gyaran da manomi ya karɓa shi ne wanda ya toshe ɓarna, ya kuma bar ranar buɗe rumbu a hannun mai shi.