Salansa

salansa (suna, mace, jam'i: salansoshi). Aro ce daga Turanci.

1. Bututun ƙarfe da ke ƙarƙashin mota ko babur, wanda ke fitar da hayaƙin inji yana kuma rage masa ƙara. A tsakiyarsa akwai tukunya mai ɗakuna da ƙananan bututu masu huji. Hayaƙi na shiga da ƙarfi, ya yi ta kewaya ɗakunan, kafin ya fita ƙararsa ta lafa. *Salansarsa ta fashe, tun daga bakin kasuwa ake jin zuwansa.*

2. A bakin masoya tsofaffin motocin tsere, kalmar na nufin muryar motar kanta, kuma ita suka fi so. Jaguar E-Type, wadda aka fara nunawa a Jeniba a 1961, bakin salansa biyu gare ta, manne da juna a tsakiyar bayanta, ga gurnani mai kauri. Porsche 911 kuwa injinta mai silinda 6 a baya yake, iska ce ke sanyaya shi har zuwa 1998, shi ya sa muryarta ke da wata 'yar kaushi da mai kunne ke ganewa ko bai waiwaya ba. Masu ɗaukar bidiyon irin waɗannan motoci sukan ajiye makirfo dab da bakin bututun da sanyin safiya, a murza makulli, inji ya yi tari, sannan ya kama. Waɗannan 'yan daƙiƙoƙi sun cancanci a saurara da kyau.

*cire salansa*: kwance tukunyar don ƙara ta ƙaru. Maƙwabta ne ke shan wahalarsa.