Musayar ƴan wasa a NBA: yadda ake gane wanda ya ci riba, da misalin cinikin James Harden

Masu bin ƙwallon ƙafa sun saba da ciniki iri guda: kulob ya ga ɗan wasa, ya biya kuɗi, ya ɗauke shi. A gasar ƙwallon kwando ta Amurka, wato NBA, abin ba haka yake tafiya ba. Can ba kasafai ake sayen ɗan wasa daga wata ekip da tsabar kuɗi ba, galibi musaya ake yi: ka ba ni wannan, in ba ka wancan. Wani lokaci ekip biyu ba su isa su daidaita cinikin ba, sai an jawo ta uku, ta huɗu, har fiye. To idan aka gama, wa ya ci riba? Wannan bayani zai nuna hanyar auna irin wannan ciniki, tare da misalin musayar da aka yi a tsakiyar watan Janairun 2021, wadda ta kai James Harden daga Houston zuwa Brooklyn.

Me ya sa ake jawo ekip da yawa?

Dalili na farko shi ne dokar albashi. NBA tana da ekip 30, kuma kowace shekara ana sa iyakar kuɗin da ekip za ta kashe wajen biyan ƴan wasanta. A kakar 2020-21 iyakar ta kai dala miliyan 109. Ekip ɗin da ta riga ta wuce iyaka ba ta da damar ɗauko mai babban albashi sai ta fitar da ƴan wasan da albashinsu ya kusa kai nasa. A dokar wancan lokaci, irin wannan ekip tana iya karɓar abin da bai wuce kashi 125 cikin 100 na albashin da ta fitar ba, da ɗan ƙari kaɗan. Harden yana ɗaukar wajen dala miliyan 41 a shekara, ke nan dole Brooklyn ta fitar da albashin da ya kai wajen miliyan 33. Shi ya sa ta haɗa mutum huɗu: Caris LeVert mai wajen miliyan 16, Taurean Prince mai wajen 12, Jarrett Allen mai kusan 4, da Rodions Kurucs mai kusan 2.

Dalili na biyu, abin da mai saye yake da shi ba lalle ne ya zama abin da mai sayarwa yake so ba. Houston ba ta da sha'awar riƙe yawancin waɗannan ƴan wasa, sai aka nemo masu son su: Cleveland da Indiana.

Akwai kuma wata haja da masu bin ƙwallon ƙafa ba su saba da ita ba, ita ce gurbin zaɓen sabbin ƴan wasa, abin da ake ce ma draf. Kowace shekara ekip-ekip suna zaɓen matasa bi da bi, zagaye biyu. Waɗanda suka fi shan kashi a kakar da ta wuce su ne suka fi samun damar zaɓe da wuri, ta hanyar ƙuri'a. Ana iya sayar da wannan gurbi tun shekaru kafin lokacinsa. Sai dai doka ta hana ekip ta rabu da gurbin zagayen farko na shekaru biyu masu zuwa a jere. Dokar tana ɗauke da sunan Ted Stepien, wanda ya mallaki ekip ɗin Cleveland a farkon shekarun 1980 ya yi ta rabar da gurabenta. Don kauce wa wannan doka ne ake ba da gurbin bana a tsallake na baɗi, shekarun da aka tsallake kuma a ba da ikon musanya gurbi: in naka ya fi nawa kyau, in ɗauki naka in bar maka nawa.

Abin da kowa ya samu

Ƴan wasa bakwai ne suka canza gida. Brooklyn Nets ta samu Harden. Houston Rockets ta samu Victor Oladipo daga Indiana, Dante Exum daga Cleveland da Kurucs daga Brooklyn, sai guraben zagayen farko na Brooklyn na 2022, 2024 da 2026, gurbin Milwaukee na 2022 da ke hannun Cleveland, da ikon musanya gurbi da Brooklyn a 2021, 2023, 2025 da 2027. Indiana Pacers ta samu LeVert. Cleveland Cavaliers ta samu Allen da Prince.

Ma'auni na farko: me kowace ekip take nema?

Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Brooklyn tana da Kevin Durant da Kyrie Irving, kofi take nema, kuma yanzu-yanzu. Harden yana da shekara 31, shi ne gwarzon ɗan wasan gasar a 2018, kuma ya fi kowa zura maki shekara uku a jere, 2018 zuwa 2020. Houston kuwa tauraronta ne ya ce tafiya zai yi, don haka sabon gini take son farawa daga tushe. Indiana tana da Oladipo wanda kwantiraginsa zai ƙare a ƙarshen kakar, tana tsoron ya tafi ba ta samu komai ba. Cleveland matasa take tarawa. Ka ga ke nan ba za a auna su da mudu ɗaya ba. Brooklyn da kofi za a yi mata hisabi, Houston da abin da guraben nan suka haifar.

Ma'auni na biyu: shekaru da kwantiragi

Sunan ɗan wasa kaɗai ba ya nuna darajarsa a ciniki. Ana duba shekarunsa, nawa yake ɗauka, da shekara nawa suka rage masa. Oladipo ya fi LeVert suna, amma watanni ne suka rage masa, ga shi ya yi mummunan rauni a gwiwa a Janairun 2019. LeVert yana da shekara 26, kuma yanzu ya shiga sabon kwantiragin shekara uku. Allen yana da shekara 22 kacal, dogo mai tsaron ƙarƙashin kwando, albashinsa bai kai miliyan 4 ba. A nan ne Cleveland ta yi wayo: abin da ta bayar shi ne Exum, gurbin Milwaukee wanda kowa ya san zai faɗo can ƙarshen layi saboda ƙarfin Milwaukee, da gurbi guda na zagaye na biyu. A bazarar 2021 ta ba Allen kwantiragin shekara biyar na dala miliyan 100, a 2022 kuma aka zaɓe shi cikin wasan taurarin gasar.

Ma'auni na uku: lafiya

Ciniki ba ya tabbata sai likitocin sabuwar ekip sun duba ɗan wasa. A wannan binciken ne likitocin Indiana suka ga wani ƙari a ƙodar LeVert ta hagu, aka gano ciwon daji ne. An yi masa tiyata a ƙarshen Janairu, ya dawo fili a watan Maris. Ba don cinikin ba, da wataƙila ba a gano cutar da wuri haka ba.

Lafiya ce kuma ta karya lissafin Brooklyn. Durant, Irving da Harden wasa 16 kawai suka buga tare, har da na zagayen fidda gwani, suka ci 13. Wato in suna tare, da wuya a tare su. Amma a karawarsu da Milwaukee a watan Yunin 2021, Harden ya ji ciwo a cinya ƙasa da minti ɗaya da fara wasan farko, Irving ya gurɗe a idon sawu a wasa na huɗu. A wasa na bakwai Durant ya zura maki 48. Jifarsa ta ƙarshen lokaci da ta zama mai maki uku da sun wuce, sai dai yatsan ƙafarsa ya taka layi, aka ba shi biyu, aka tafi ƙarin lokaci, Milwaukee ta ci 115 da 111. Ita ce ta je ta ɗauki kofin shekarar.

Ma'auni na huɗu: a bi sawun kayan

Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Abin da ekip ta karɓa sau da yawa ba ya zama a hannunta, sai an bi inda ya je.

Harden wasa 80 ya buga wa Brooklyn a kaka biyu. A Fabrairun 2022 aka kai shi Philadelphia, aka karɓo Ben Simmons, Seth Curry, Andre Drummond da gurabe biyu. Shekara guda bayan haka Irving ya tafi Dallas, Durant ya tafi Phoenix. Brooklyn ta wayi gari ba taurari, kuma ko ta sha kashi, ladan shan kashin na Houston ne.

A ɓangaren Houston, ƴan wasan da ta karɓa ba su tsinana mata abin kirki ba. Oladipo wasa 20 ya buga, aka tura shi Miami a watan Maris. Ekip ɗin ta ƙare kakar da nasara 17 da rashin nasara 55, mafi muni a gasar. Ikon musanya na 2021 da 2023 bai yi amfani ba, don gurbin Houston ya riga ya fi na Brooklyn kyau. Amma gurbin 2022 ya kawo Tari Eason a lamba 17, na 2024 kuma ƙuri'a ta ɗaga shi zuwa lamba 3, aka ɗauki Reed Sheppard. A Yunin 2024 Brooklyn ta dawo neman ikonta na 2025 da gurbinta na 2026, ta biya da guraben Phoenix da ta samu a cinikin Durant. Houston ta ci wasa 52 a kakar 2024-25, ta zo ta biyu a yankin Yamma. A Yulin 2025 ta haɗa ɗaya daga guraben nan na Phoenix, lamba 10, da Jalen Green da Dillon Brooks, ta karɓo Durant ɗin kansa, a cinikin ekip bakwai wanda ba a taɓa yin mai yawansa ba a tarihin gasar. Da gurbin ne Phoenix ta samu Khaman Maluach, ɗan Sudan ta Kudu.

Indiana ta riƙe LeVert shekara guda, ta sayar wa Cleveland a Fabrairun 2022. Cikin guraben da ta karɓa akwai wanda ya zama Andrew Nembhard a 2022 da wanda ya zama Ben Sheppard a 2023. Su biyun suna cikin ekip ɗin da ta kai wasan ƙarshe a 2025, inda Oklahoma City ta doke ta a wasa na bakwai. Cleveland kuwa, da Allen a tsakiya, ta ci wasa 64 a kakar 2024-25, ta ɗaya a yankin Gabas.

Ma'auni na biyar: a raba shawara da sa'a

Nan ne masu sharhi suka fi yin kuskure. Ana iya yanke shawara mai kyau ta zo da mummunan sakamako, ana iya yin ganganci kuma a dace. Wanda ya ce Brooklyn ta yi wauta, sai ya tuna cewa tazarar yatsan ƙafa ce ta hana ta wuce ekip ɗin da ta ɗauki kofi. Laifin da za a iya ɗora mata tun ranar cinikin shi ne ta ba da gurabenta har zuwa 2027 ba tare da sharaɗin kariya ba, alhali taurarinta biyu sun haura shekara 30 kuma babu wanda kwantiraginsa ya kai can. Ita ma Houston, gurbi na 3 da ta samu a 2024 akwai sa'ar ƙuri'a a ciki, kuma zaɓen Oladipo a maimakon riƙe Allen ko LeVert asara ce da ribar guraben ta rufe.

In aka haɗa duka, Cleveland ce ta fi samun riba a kan ɗan abin da ta kashe. Houston ta fi kowa tara dukiya, amma sai da ta yi kaka uku a ƙasan teburi kafin ta gani. Indiana ta tsira da jarinta har ta juya shi. Brooklyn, wadda ta samu ɗan wasan da ya fi kowa a cikin bakwai ɗin, ita ce ta fi biyan tsada.

Tun 2023 sabuwar yarjejeniya tsakanin NBA da ƙungiyar ƴan wasa ta ƙara matse ekip masu kashe kuɗi da yawa, har waɗanda suka wuce mataki na sama ba su da damar haɗa albashin mutum biyu ko uku su karɓo guda. Wannan ya sa ana ƙara neman ekip ta uku da ta huɗu masu sararin albashi. Don haka duk ranar da kuka ji an sanar da irin wannan ciniki, ku duba abu biyar: burin kowace ekip, shekaru da kwantiragin waɗanda aka musanya, lafiyarsu, guraben da aka bayar da sharuɗɗansu, sannan ku ba abin shekara uku ko huɗu kafin ku yanke hukunci.