Hatsin Agaji da Yunwa a Karkarar Arewacin Kano

A wannan maƙala ina so in duba yadda agajin abinci na gwamnati ya taɓa gidan talaka a ƙasashen Dambatta, Makoda, Kunci da Bichi, inda gona ke jikin gona, kuma ba a barin saura ta huta.

Zan fara da yunwar Kakalaba ta 1914, zamanin Sarkin Kano Abbas. Damina ta ƙi a 1913, daidai lokacin da manoma suka ƙara ba gyaɗa fili saboda zuwan jirgin ƙasa Kano a 1911. Turawa ba su fasa karɓar haraji ba, agajin da suka kawo kuma ya zo a makare, bai taka kara ya karya ba. Mutane da yawa sun mutu, wasu suka bar garuruwansu.

A farin 1973, gwamnatin Janar Gowon ta ware kuɗin agaji, gwamnatin Audu Bako kuma ta raba hatsi ta hannun hakimai da dagatai da masu unguwa. Masanin nan Michael Mortimore, wanda ya yi bincike a ƙauyukan Kano a lokacin, ya nuna a littafinsa na 1989 cewa abin da ya isa gidaje kaɗan ne daga buƙatarsu. Abin da ya riƙe su shi ne cin rani, saƙar tabarma, sayar da awaki, taimakon dangi, da ganyen tafasa da yaɗiya.

A nawa fahimtar, babban darasi shi ne lokacin da hatsin ke isowa. Rumbun talaka yakan ƙare ne tun bazara. Idan damina ta faɗi babu abinci, dole maigida ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a ta mai hali, ko ya ba da ita jingina. Gonar da ba a nome a kan kari ba ba ta cika rumbu, sai yunwar bana ta haifi ta baɗi. Buhu guda a watan Yuni ya fi uku bayan an yanke gero.

A 2024 gwamnatin tarayya ta ba da umarnin fitar da tan 42,000 na hatsi daga rumbunanta saboda tsadar abinci. Tambayar da tarihi ya bar mana tana nan: yaushe ya isa ƙauye, kuma hannun wa ya shiga? Hausawa dai sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.