Kududdufan Birnin Kano da Rafin Jakara: Rawar Ƙungiyoyin Unguwa Wajen Kare Muhalli da Kayan Tarihi

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci dangantakar da ke tsakanin fadamar Jakara, da kududdufan cikin birnin Kano, da ƙungiyoyin taimakon kai da kai na unguwannin da ke kewaye da su. An dogara da rubutaccen tarihi, da bayanan matafiya na ƙarni na 19, da kuma lura da halin da wuraren suke ciki. An gano cewa ƙungiyoyin ne ke ɗauke da wahalar ambaliya da shara, amma ba su da ta cewa a kan rabon filayen da ruwa ke kwanciya.

1.0 Gabatarwa

Littafin tarihin Kano da Palmer ya fassara a 1908 ya nuna cewa tun zamanin shugabansu Barbushe, mazauna dutsen Dala suna girmama wani kurmi mai duhu a bakin ruwan Jakara. A gefen wannan fadama Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya kafa Kasuwar Kurmi. Matafiya Turawa, Clapperton, wanda ya zo Kano a 1824, da Barth a 1851, duk sun ambaci ruwan da ya ratsa tsakiyar birnin ya raba shi. Ke nan, Kano gari ne da ya tashi a bakin fadama, ko da yake yawancin nazarce-nazarce sun fi karkata ga ganuwa da fada da marina.

2.0 Asalin Kududdufai da Amfaninsu

Yawancin kududdufan birni ramuka ne da aka haƙa don samun ƙasar gini. Da ita aka yi tubalin gidaje, da ita kuma aka ɗaga ganuwar da aka fara a zamanin Sarki Gijimasu (1095-1134). Saboda haka ganuwa da kududdufi gado ɗaya ne, aiki ɗaya ya samar da su.

Ruwan saman Kano yana zuba ne cikin 'yan watanni, ya fi ƙarfi a Agusta. Idan aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, lunguna kan juye shi cikin kududdufi, ya kwanta, ya riƙa tsuma cikin ƙasa yana ciyar da rijiyoyin gidaje, ragowar ta gangara Jakara. A kan ruwan akwai kainuwa da bado, a ciki akwai tarwaɗa da kwaɗi, a baki kuma balbela na kiwo. Magina da masu wanki da masu dabbobi duk sun ci moriyarsa. Sai dai yana haifar da sauro, yara masu wanka kuma kan kamu da tsargiya.

3.0 Halin da Ake Ciki

Hanyar da kududdufi ke bi ya ɓace sananniya ce. Da farko a mayar da bakinsa juji. Shara da leda su taru su daskare, wani ya zuba ɓaraguzai, ya kafa rumfar kwano, daga nan sai bulo da siminti. Ruwan da ya rasa makwancinsa sai ya shiga zauruka, ya jiƙe gindin katangun ƙasa har su zube.

Jakara kuwa ta koma babbar magudanar ƙazantar birni. Tana kwasar ruwan gidaje da na kwata, rafin Getsi ya ƙara mata da na masana'antun Bompai, kafin ta isa madatsar Wasai a Minjibir. Da wannan ruwa manoman rani ke shayar da latas da alayyafo da ake kaiwa kasuwannin gari. Aikin rufe wani sashe na rafin da shimfiɗa titin Wuju-Wuju a kansa bai mayar da wuraren da ruwa ke tsuma ba.

4.0 Rawar Ƙungiyoyin Unguwa

Ƙungiyoyin taimakon kai da kai sun gaji tsarin aikin gayya. Kafin faɗuwar damina, ko ranar tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata, matasa kan fito da shebur da manjagara da baro, su yashe magudanai, attajiran unguwa su ba da kuɗin abinci, mai unguwa da limami su sa albarka. Sun san inda ruwa ke bi, sun san gidan da ke fara cika, dattawansu kuma suna riƙe da sunayen kududdufan da aka cike da labarinsu.

Raunin ƙungiyoyin yana ga doka. Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamna, kuma ba ta tanadi kujerar ƙungiyar unguwa ba. Haka kuma, sa'ad da aka sanya ganuwar Kano cikin jerin wucin gadi na wuraren tarihi na UNESCO a 2007, hankali ya tafi ga katangar, da Dala, da Kasuwar Kurmi, da Gidan Sarki. Ramukan da aka ɗebo ƙasar ba su sami mai tsaya musu ba. Sakamakon haka, ƙungiyoyi suna yashe kwata kowace shekara, yayin da ake sayar da inda ruwan zai zuba.

5.0 Kammalawa da Shawarwari

Nazarin ya nuna cewa kare kududdufai aikin tarihi ne kuma aikin kariya daga ambaliya. Ana ba da shawara hukumar tsara birane ta jihar Kano, KNUPDA, ta ƙidaya waɗanda suka rage, ta shata iyakarsu, ta hana gini a cikinsu. Gidan tarihi na Gidan Makama da jami'o'in Kano su naɗi bayanan dattawa tun suna raye. A kuma ba ƙungiyoyin unguwa amanar kula da kowane kududdufi a rubuce, tare da 'yancin a saurare su kafin a yanka fili. Matuƙar ba a shigar da su cikin shawara ba, aikin gayyarsu ba zai hana birnin cika da ruwa ba.